Hatimin Sarki da Shaidar Wuta

Kimanin shekara 3,350 da suka wuce, wani sarkin Babila mai suna Burna-Buriyash ya aika wa takwaransa na Masar, Fir'auna Akinatan, wasiƙar ƙorafi. An rubuta ta ne a kan allon yumɓu, kuma tana cikin tarin wasiƙun da aka tono a kufan Amarna a shekarar 1887. Abin da ya ɓata wa sarkin rai shi ne, an kawo masa kyautar zinariya mina 20 daga Masar (mina ɗaya ta kai kusan rabin kilo), amma da maƙeransa suka zuba ta a wuta, abin da ya fito bai cika mina 5 ba. A wata wasiƙar kuma sai ya roƙi Fir'auna da ya riƙa duba zinariyar da idonsa, ya buga mata hatimi da hannunsa, domin wadda aka aiko a baya wani wakili ne kawai ya ɗaure ta ya buga hatimi.

Mai karatu zai lura da ladabin wannan sarki. Bai ce ɗan'uwansa ya cuce shi ba, sai ya ɗora laifin a kan bafade. Duk da haka ya taso da tambayar da muke so mu tattauna a wannan maƙala: idan mutum ya buga hatiminsa a kan abu, me ya yi alkawari? Kuma idan wuta ta ƙaryata hatimin, a wuyan wa alhakin yake?

Mu fara da yadda ciniki yake kafin a ƙirƙiro sulalla. Duk wanda zai karɓi zinariya a bakin hajarsa yana da aiki biyu. Na farko ya auna nauyinta, wannan kuwa mai sauƙi ne ga duk mai sikeli. Na biyu ya san abin da ke cikinta, a nan ne gizo ke saƙa, domin zinariya ba kasafai take fitowa daga ƙasa ita kaɗai ba, galibi a gauraye take da azurfa, wani lokaci da ɗan jan ƙarfe. Mutanen da sun gano wani baƙin dutse mai santsi da ake goga zinariya a kansa, sai ta bar zane, a kwatanta launin zanen da na wata zinariya da aka riga aka san ingancinta. Girkawa suna kiransa dutsen Lidiya, kuma Tiyofarastus, almajirin Aristotal, ya bayyana shi a littafinsa na duwatsu. Sai dai karanta wannan zane aiki ne na gwanaye. Manomi ko masunci ba shi da wannan ido, dole ya dogara da bakin wani.

A ƙasar Lidiya, da ke yammacin Turkiyya ta yau, aka fara buga sulalla wajen ƙarshen ƙarni na 7 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). Ƙananan dunƙule ne masu ɗauke da kan zaki, tambarin gidan sarauta. Ma'anar tambarin a fili take: sarki yana cewa, na auna maka, na gwada maka, karɓi ka wuce. Wato tun ranar da aka haife shi, sule shaida ce da mai iko ya bayar ga wanda ba shi da halin bincikawa da kansa. To, me ke cikin waɗannan sulalla na farko? Binciken zamani ya nuna cewa na gidan sarautar Lidiya suna ɗauke da zinariya kusan kashi 55 cikin 100, sauran azurfa ce da ɗan jan ƙarfe, kuma wannan gwargwado bai cika sauyawa daga sule zuwa sule ba, alamar da gangan aka haɗa shi. Talakan da ya karɓa yana ganin kan zaki da launin rawaya, amma ba shi da hanyar sanin kusan rabin abin da ke tafin hannunsa azurfa ce.

Sarki Kirosus, wanda mulkinsa ya ƙare wajen shekara ta 546 kafin Miladiyya lokacin da Sairus na Farisa ya ci birninsa Sardis, shi ake jingina wa raba gardamar. A zamaninsa aka fara buga sulen zinariya daban, na azurfa daban, masu hoton zaki da bijimi suna fuskantar juna, kuma na zinariyar ya kai kusan kashi 98 ko fiye. A shekarar 1968 masu tonon kayan tarihi daga jami'o'in Harvard da Cornell na Amurka suka gano matatar da ake wannan aiki a Sardis, a gefen rafin Faktolus. Abin da suka samu ya nuna mana dabarar. Akan buge gaurayen ya zama falle-falle kamar ganye, a jera shi cikin tukunyar ƙasa, ana sa gishiri da garin gasasshen tubali a tsakani, a rufe, a ɗora a wuta na tsawon lokaci. Ana kula kada zafin ya kai inda zinariya ke narkewa, wato digiri 1,064 a ma'aunin Salshiyos. Tururin gishirin sai ya cinye azurfar, garin tubalin da jikin tukunyar su shanye ta, zinariya ta rage. Azurfar ma ba a barin ta ta tafi a banza: akan narka garin da dalma, sa'an nan a yi ta hura iska da zugazugi har dalmar ta ƙone ta kwashe datti, azurfa ta kwanta a tsakiyar kasko.

Darasi na farko da muka ɗauka a nan shi ne, tsabtar zinariya aikin hannu ce, ana biyan ta da itace da gishiri da gumi da haƙuri. Haka kuma ba ta da ƙarshe. Ko matatun yau, da duk na'urorinsu, abin da suka saba bugawa a kan tubalin gwal shi ne 999.9, ba sa rubuta 1,000. Wannan ɗan gurbi da suke bari shi kansa gaskiya ce, domin sun faɗi iyakar abin da suka iya.

Abin tambaya kuma shi ne, shin gauraya ita ce laifin? Mu a ganinmu a'a. Zinariya zalla tana da taushi, tana lanƙwashewa, tana sudewa a hannun mutane. Shi ya sa fam ɗin zinariya na Ingila karat 22 ne cikin 24, an ƙara masa jan ƙarfe don ya jure yawo, kuma ba wanda ya taɓa kiransa jabu. Matan da ke sayen sarƙa da 'yan kunne sun san karat 21 da karat 18, suna saye da saninsu, kowanne da farashinsa. Kalmar karat ɗin ma daga sulalla ta samo asali. Sarki Kustantin na Rum ya fito da sulen da ake kira solidus a farkon ƙarni na 4 Miladiyya, ana buga guda 72 daga kowane awon fam na Rumawa, kowanne kusan giram 4.5, an kuma kasa nauyinsa gida 24, kowane kaso da sunan ƙwayar wata itaciya mai 'ya'ya kamar na ɗorawa. Sunan ƙwayar ne ya bi ta Larabci ya zama ƙiraɗi. Ashe ke nan sirki a kan kansa ba aibu ba ne. Mai nonon da ta ce wa mai saye ta ƙara ruwa, ta kuma rage kuɗi, ciniki ta yi. Wadda ta ƙara ruwa ta yi shiru ita ce ta yi algus. Madarar iri ɗaya ce a ƙwaryar su biyun, bambancin yana bakinsu.

Tarihin Rum ya nuna mana yadda wannan shiru ke girma. A shekara ta 64 Miladiyya, shekarar da gobara ta ci birnin Rum, Sarki Niro ya rage nauyin sulen zinariya, ya rage na azurfa, ya kuma sirka azurfar da jan ƙarfe. Ma'aikatan gidan buga kuɗi sun koyi jiƙa sulen cikin wani abu mai tsami da ke cinye jan ƙarfen da ke fatarsa, don ya fito fari fat kamar azurfa zalla. A shekara ta 215 Sarki Karakalla ya fito da sabon sule da masana ke ganin an ba shi darajar tsofaffi biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin shekara ta 270, azurfar da ke cikin wannan sule ta faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, ya zama jan ƙarfe da aka yi wa wankan azurfa. Hoton sarki bai sauya ba, kirarin da ke kewaye da hoton ma bai ragu ba.

Wani zai iya cewa, ai sarakunan nan ba don son zuciya kaɗai suka yi ba. Ga yaƙi a kan iyaka, ga sojoji na jiran albashi, ga taska ta bushe. In ba a miƙa 'yar azurfar da ta rage ba, daula za ta faɗi, kowa ya rasa. Daɗin daɗawa, in kowa yana karɓar sulen a darajarsa ta da, wa aka cuta? Wannan hujja tana da nauyi, bai kamata mu yi mata riƙon sakainar kashi ba. Gaskiya ne shugaba kan shiga matsin da dole ya ɗora wa jama'a nauyi. Sai dai akwai hanyar ɗora nauyi a fili, ita ce haraji, wanda kowa ya san nawa aka karɓa a hannunsa, yana kuma iya kuka. Wanda ya zaɓi algus ya zaɓi harajin da ba a shelanta ba, don ya tsere wa kukan.

Sa'an nan batun cewa ba wanda aka cuta bai tsaya da ƙafarsa ba, domin labarin algus ba ya isa kunnen kowa a rana ɗaya. 'Yan canji da maƙera da manyan attajirai su ke fara sani, tunda su ke da sikeli da dutsen gwaji. Sai su tattara tsofaffin sulalla masu kyau su binne ko su narka, su saki sababbin a kasuwa. Wanda zai sani daga ƙarshe shi ne ɗan ƙodago, da tsohuwar da ta yi shekaru tana ƙulle 'yan kuɗinta a bakin zane, ranar da suka je awo suka tarar mudun jiya ya fi ƙarfinsu. Akwai ma abin lura: sarakunan Rum sukan rage nauyin sulen zinariya, amma ba su cika taɓa tsabtarsa ba, saboda kuɗin manya ne da na hulɗa da ƙasashen waje, masu iya gwadawa. Kuɗin kasuwa, na masu ƙaramin ƙarfi, shi ya sha sirki. Wato an yi gaskiya ga wanda zai iya kama ƙarya, an yi ƙarya ga wanda ba zai iya ba. Gaskiyar da ake yi don tsoron dutsen gwaji kuwa, mu ba za mu kira ta amana ba, dabara ce kawai.

Asara ta biyu ta fi ta farko tsanani. Da zarar mutane sun daina yarda da hatimi, sai a koma gidan jiya, kowa da sikelinsa. A shekara ta 367 Sarki Balantiniyan da ɗan'uwansa Balans suka ba da umarni cewa duk zinariyar da aka tara ta haraji a narka ta a tace kafin a kai taska, saboda masu tara harajin suna musanya sulalla masu kyau da na jabu. Daga nan aka fara buga haruffa biyu, OB, a kan sulalla, ma'ana tatacciyar zinariya. A duba wannan al'amari da kyau: daula ce ba ta yarda da kuɗin da ke ɗauke da hoton sarkinta ba sai wuta ta yi shaida.

Duk da haka, solidus ya riƙe mutuncinsa kusan shekara 700 a daular Rum ta Gabas, ana karɓarsa a ƙasashen da sarkin Kustantiniya ba shi da ko dogari ɗaya. Dinarin da Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya buga a shekara ta 77 bayan Hijira, mai nauyin misƙali ɗaya, wato kusan giram 4.25, shi ma da irin wannan tsabta ya yi suna. Amma abin da aka gina cikin ƙarni bakwai bai ɗauki shekara sittin ba wajen rushewa. An fara sirka sulen Kustantiniya a zamanin Sarki Mika'ilu na Huɗu (1034 zuwa 1041), wanda ɗan canji ne kafin ya hau gado. Bayan kashin da Rumawa suka sha a yaƙin Manzikat a 1071, abin ya zama gangara. Jama'a suka laƙaba wa Mika'ilu na Bakwai sunan da ke nufin mai tauye rubu'i, domin a zamaninsa sule ɗaya ya koma sayen alkamar da ta gaza ta da da kashi ɗaya cikin huɗu. Da Sarki Alaksiyos ya zo gyara a 1092, bai iya komawa karat 24 ba. Ya buga sabon sule mai kimanin karat 20 da rabi, ya tsaya a kai, mutane kuma suka karɓa. Wannan ya ƙara tabbatar mana da cewa abin da kasuwa ke nema shi ne na ciki ya yi daidai da na baki.

Wani kuma zai ce, duk wannan tsohon zance ne, tunda kuɗin yau takarda ce da lambobi a waya, kuma tun 1971 Amurka ta daina musanya dalarta da zinariya. Mu kuwa muna ganin wannan ya ƙara wa maganar nauyi ne. Wanda aka ba sulen Niro yana da sauran azurfar da zai narka ya rage asara. Wanda ke riƙe da takarda ba shi da komai a hannu sai alkawarin waɗanda suka sa hannu a kanta. Da can amana rabin kuɗi ce, yau ita ce kuɗin gaba ɗaya.

Sai dai akwai inda ya kamata mu ja linzami. Mutane suna son kwatanta ɗan Adam da zinariya, a ce wahala ce ke tace shi, kuma masu iya magana sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Akwai gaskiya a ciki, amma kwatancen yana da haɗari. Kalmar da Girkawa ke kiran dutsen gwaji da ita, basanos, ita ce kuma suke kiran azabar da ake gana wa bayi a shari'ar Atina, bisa tunanin cewa bawa ba ya faɗin gaskiya sai an matse shi. Zinariya tana shiga wuta ta fito ba ta rasa komai nata ba. Mutum yakan fito da tabo, wani ma ba ya fitowa. Saboda haka wanda ya jefa na ƙasa da shi cikin ƙunci da sunan yana gwada shi, ya sani ba maƙeri ba ne, azzalumi ne. Haka kuma wanda ke neman aboki ko mata ko shugaba mai karat 24 zai mutu bai samu ba. Abin da ya dace mu nema a wurin juna shi ne kowa ya faɗi karat ɗinsa.

Akwai kuma dattin da wuta ba ta iya cirewa. Wani marubucin Girka mai suna Agatarkidis, a ƙarni na 2 kafin Miladiyya, ya bayyana ma'adinan zinariya na sarakunan Masar da ke hamadar Nuba. Ya faɗi yadda ake rufe garin zinariya a tukwane tare da dalma da gishiri da ɗan kuza da dusar sha'ir, a yi kwana biyar ana wuta dare da rana, har ta fito tsaf. Amma kafin ya kai ga tukwanen, sai da ya bayyana waɗanda ke haƙo ta: fursunoni cikin mari, yara masu rarrafe cikin ramuka suna kwaso duwatsu, mata da tsofaffi suna niƙa a dutsen niƙa, ba hutu, ba jinya, har mutuwa ta fi musu rayuwa daɗi. Sulen da aka buga da wannan zinariya zai ci kowace irin jarrabawa a kan dutsen gwaji, ba kuwa za a ga ko ɗigon jininsu a zanen ba. Kada mu ɗauka wannan labarin Nuba ne kaɗai. A shekarar 2010 aka gano cewa yara fiye da 400 sun rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariyar da ake niƙawa a cikin gidaje. Zinariyar ta tafi kasuwa tana ƙyalli, dalmar ta zauna a jinin 'ya'yan masu niƙa. Ke nan tsabta iri biyu ce: akwai wadda ake tambayar me ke cikin abu, akwai wadda ake tambayar ta wace hanya ya zo. Maƙeri yana iya amsa ta farko, ta biyun kuwa tana kan mai saye da mai sayarwa da mai mulki.

Mu koma kan wakilin Fir'auna. Ba mu ɗauke shi wani shahararren ɓarawo ba. Mai yiwuwa ma'aikaci ne da aka miƙo wa jaka, ya ga ta yi nauyi, ya ga tana rawaya, ya buga hatimi ya tafi gida. Irinsa muna da yawa, domin kusan kowanenmu yana da hatimi. Malamin da ya sa hannu a takardar shaidar ɗalibin da bai iya karatu ba, da dattijon da aka zo tambayarsa halin mai neman aure ya ce yaron kirki ne alhali ya san akasin haka, da dillalin da ya rantse a kan lafiyar dabbar da bai duba ba, da ma'aikacin da ya rubuta an kammala aikin da bai je ya gani ba, dukansu sulalla suke bugawa su saki a cikin jama'a. Kowannensu yana ganin nasa ɗan sirkin bai kai ya kawo ba. Haka Niro ma ya gani. Amma ranar da takardar shaida ta daina zama shaida, mai gaskiya da maƙaryaci duk sai an sa su a wuta kafin a yarda da su, kuma mai gaskiyar ne ya yi asara, tunda shi ne yake da abin da zai rasa.

Masanin ƙasa Al-Bakri, wanda ya yi rubutu a Andalus a 1068, ya ambaci garin Tadmakka da ke arewa maso gabashin Mali ta yau, inda ya ce dinarensu na zinariya ce zalla, kuma ana kiransu masu sanƙo saboda ba a buga musu tambarin kowa ba. A 2005 masu tono suka samu kaskon zubin irin waɗannan dinare a kufan garin, har da ɗigon zinariya a maƙale, aka kuma ga alamar cewa maƙeran wurin suna tace ta da garin gilashi. Ga kuɗi ba hoton sarki, ba kirari, amma labarin ingancinsu ya ƙetare Sahara da teku. Sulen Rum na shekara ta 270 kuwa yana da hoto da kambi da kirari, kuma ba mai son ajiye shi.

Shawararmu ga kanmu da mai karatu ba ta da yawa. Kafin mu sa hannu, mu buɗe jakar mu duba. In abin da ke ciki karat 18 ne, mu rubuta 18, ko da mai jakar zai ɓata rai. In kuwa ba mu da halin dubawa, mu mayar da hatimin aljihu, mu ce ba mu gani ba. Allah ya sa mu dace.